Ɗakin da Na Gani Ranar Lahadi

Ni dai yanzu duk wanda ya zo yana washe baki wai ya samu ɗakin haya mai araha a Kano, abin da nake fara tambayarsa shi ne wace rana ya je ya gani. In ya ce Lahadi, sai in ce masa ya nemi wuri ya zauna, akwai magana.

Sunana Abdulbaƙi, mutumin Ringim ne ni, ina aiki a wani kamfanin buhuna a Sharaɗa. Matata Rufaida, 'yarmu ɗaya, Shifa'u, wadda lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba. Yarinyar nan da asma ta taso. In abin ya motsa sai ka ga kafaɗunta suna ɗagawa, numfashin yana fita da ƙyar yana wani fito-fito, kai kuma kana tsaye da hannu biyu ba abin da za ka iya. Ko gudu ba ma barin ta ta yi. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye: mu nisanta ta da hayaƙi, in ba haka ba asibiti zai zame mana gida.

Ana cikin haka mai gidan da muke haya ya sayar da gidan, sabon mai shi ya ce sito zai mayar da shi, kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata. Ko kallon mu bai yi ba da yake faɗa, yana ta danna waya.

To ma'aikacin kamfani yaushe yake da lokacin neman gida? Ka shiga tun da safe, ka fito kunnenka yana ƙugin inji. Lahadi ce kaɗai tamu. Ita na riƙa ba wani dillali mai suna Sagir, in hau bayan babur ɗinsa mu yi ta zaga gari. Sagir ɗin nan bakinsa kamar an shafa masa zuma, kowane kango a wurinsa "gida ne na manya". Ya kai ni wani ɗaki a Dakata da ba shi da taga ko ɗaya, wai ai sauro ba zai shigo ba. Wani kuma mai gidan ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule, na ce masa Alhaji in ina da wannan ai da fili zan saya. Duk inda ya yi kyau ya fi ƙarfina, inda kuma zan iya, ko akuya ba zan ɗaure a ciki ba.

Saura Lahadi ɗaya wata ya ƙare, Sagir ya kai ni wani gida a hanyar Chalawa. Kai, jama'a! Ciki da falo, an shimfiɗa tayil, ga rijiya, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida. Unguwar shiru, sai kukan kurciya. Da ya faɗi kuɗin sai da na sa ya maimaita. A bayan ɗakin akwai wata doguwar katanga, ban ma bi ta kanta ba. Da la'asar na koma na ɗauko Rufaida da yarinyar su gani.

Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Ladidi, mijinta ya rasu, tana zaune a sashen gaba tana sayar da man gyaɗa. Rufaida tana ta shafa bango tana murna, amma ita Hajiya idonta yana kan Shifa'u. Tafiyar da muka yi daga bakin titi ta gajiyar da yarinyar, ta zauna a kan dakali kafaɗunta suna ɗagawa, uwar ta zaro abin shaƙa daga jaka ta ba ta.

"Ƙawata, ƙirjin ne?" in ji Hajiya. Shifa'u ta gyaɗa kai.

Ni kuwa na riga na fito da waya. Na ce, "Hajiya, ku ba ni lambar asusu in tura yanzu."

"Mayar da wayarka aljihu, ɗan nan. Akwai kamfani a bayan katangar can, tsofaffin robobi suke narkawa. Yau Lahadi, ba sa aiki."

Na yi dariya. "Haba Hajiya, ni da nake wuni a kamfani, wane kamfani kuma za a tsorata ni da shi?"

"Kai ne kake wuni, ba ita ba. Ka dawo ran Talata bayan azahar, kai kaɗai. In ka gani ka ce kana so, sai mu yi magana. Yau ko sisi ba zan karɓa ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Muna fita Sagir ya ƙara zuba min fetur. Ya ce, "Oga, ka gane ko? Wani ne ya yi mata ƙari, so take ta ja maka rai. Tsofaffin nan ba ka san su ba." Na hau na zauna. Duk hanya ina faɗa, ina cewa talaka dai ba ya samun abu mai kyau sai an sa masa ƙafa. Rufaida ta ce, "Abban Shifa'u, ka je ɗin mana, me za ka rasa?" Na ce aikin yini guda zan rasa, ko ita za ta biya ni? Ta ƙyale ni, don ta san halin kayanta.

Ran Talata na roƙi abokin aikina muka yi musayar lokacin aiki, na tafi. Niyyata in je in kama ta da wanda ya yi mata ƙarin, in faɗa mata magana son raina.

Tun daga bakin titi na fara raina kaina. Layin da na bari fayau ran Lahadi, manyan motoci ne jere maƙare da buhunan tsofaffin robobi. Ƙasa tana rawa da ƙarar janareta. Ga wani wari mai kama maƙogwaro, irin na leda in ta faɗa murhu, amma ka ce ledar duk Kano aka tara. Na shiga gidan, na tarar da Hajiya ta rufe hanci da mayafi tana kwashe shanya. Ta miƙo min wani farin ɗankwali, duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi.

"Shiga ɗakin naka," in ji ta.

Na shiga. Bututun hayaƙin kamfanin yana daidai saitin tagar uwar ɗaka, inda Rufaida ta ce nan za a sa katifar Shifa'u. Iska tana kwaso shi tana turo shi ciki. Ban daɗe ba idona ya fara ruwa, na kama tari, ni ƙato da nake taƙamar a cikin inji nake wuni. Na tuna kafaɗun yarinyar nan. Da na tura kuɗin nan ran Lahadi, da hannuna zan kawo ta in kwantar a ƙarƙashin wannan tagar.

Da na fito Hajiya ta ce, "In da baki na gaya maka, cewa za ka yi za ku jure. Kowa haka yake cewa in ya ji kuɗin. Jikokina ma ubansu Uwaisu ya kwashe su saboda wannan. Ni ce dai ba inda za ni, nan Malam ya bar ni."

Maimakon in yi godiya, sai tsoro ya juye min ya zama faɗa. Na ce, "To yanzu ina zan kai su? Ran Asabar za a watso mana kaya waje! A titi za mu kwana?"

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ka gama? To je ka tare mana adaidaita."

Na'ibawa ta kai ni, can ciki bayan kasuwar 'yan lemo, gidan aminiyarta Hajiya Ma'u. Ashe ita wannan ba ta hulɗa da dillalai, ba ta ba kowa ɗaki sai wanda wani nata ya tsaya masa, shi ya sa ɗakin bai taɓa shiga bakin su Sagir ba. Tsohon gini ne, simintin ya farfashe, banɗaki na haɗaka, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Hajiya Ladidi ta tura ni ciki ta ce in tsaya in ja numfashi.

"Me ka ji?"

Na ce, "Warin ruɓaɓɓen lemo kaɗan."

"Wannan ba ya kama ƙirji."

Hajiya Ma'u ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ita, "Ladidi, kin san shi?"

"Shekaranjiya na fara ganinsa. Ga saurin fushi kamar me, ɗazu ma ya gama yi min. Amma ya bar aikinsa ya zo ya shaƙi hayaƙi saboda 'yarsa. Na tsaya masa."

Kunya ta kama ni, na durƙusa a nan tsakar gida. Na ce, "Hajiya, ku yafe min." Ta ce in tashi kar in ɓata wandona, kuma ni zan biya kuɗin adaidaitar komawa.

Kuɗin ɗakin bai fi ƙarfina ba. Muka tare ran Juma'a. Rufaida ta yi kwana biyu tana jimamin tayil, ni kuma sai na riƙa sammako, don Na'ibawa zuwa Sharaɗa ba nan kusa ba ne, ga cunkoson titin Zariya. Da na koma yi wa Hajiya Ladidi godiya na tarar ɗakin nata da kwaɗo har lokacin, ba ta samu mai shiga ba. Na ce mata abin ya dame ni. Ta ce, "Direbobi za su zo, masu kwana su fita. Ya ƙirjin ƙawata?" Har yau ba na idar da salla ban sa matar nan a addu'a ba. Ba dangina ba ce, ba ta san ni ba, ta bar kuɗi a hannu don 'yar wani.

Bayan mun kwana biyu a sabon gida, wata rana na dawo daga aiki da yamma, na tarar yaran layi suna wasan guje-guje a ƙofar gida. Sai na hango wata mai jan hijabi a gaba, tana tsala gudu tana ƙyalƙyala dariya. Shifa'u ce. Na buɗe baki zan daka mata tsawa ta tsaya, sai Rufaida ta leƙo daga zaure ta riƙe min hannun riga.

"Bar ta, Abban Shifa'u. Tun la'asar take yi."

Yarinyar ta kai ƙarshen layi ta juyo, ta zo ta faɗa jikina tana haki. Na tsugunna na kara kunnena a ƙirjinta. Zuciyarta tana bugawa fat-fat, iska tana shiga tana fita, ba wani fito, ba komai. Haki ne kawai irin na kowane yaro da ya sha gudu.

Ta ce, "Abba sake ni, za su kama ni!"

Na sake ta. Na zauna a bakin zaure ban ko cire takalmin aiki ba, hawaye yana zuba, 'yan layi suna wucewa suna kallona, ni ko a jikina.