Kwanan Watan da ke Kwamfutar Khaulat

Ƙarfe uku na rana aka sa wa Khaulat intabiyu. Wani shirin noma ne ke neman waɗanda za su riƙa zagayawa gonakin rani a yankinsu na Bunkure suna ɗaukar bayanai, kuma ta bidiyo za a gana da masu neman aikin. Takardar gayyatar ta ce lallai da kwamfuta za a shiga, domin akwai ɗan gwaji da za a yi a kanta. Shekara huɗu ke nan da ta gama diflomarta, wannan ne karo na farko da aka kira ta.

Tun da asuba take tsaye. Ta dafa abincin masu dashen shinkafa su goma sha ɗaya, ta aika gona, ta wanke tukwane. Sai biyu saura ta samu ta yi wanka, ta ciro kwamfutarta daga cikin durowa inda ta yi wata biyu a ajiye. Ta kunna rautar gidan, 'yar na'urar da ke raba musu intanet, fitilunta suka yi kore. Kwamfutar ta nuna ta haɗu da waifai. Amma da ta danna adireshin taron, sai wani farin shafi ya fito da jan rubutu.

Ta kashe ta kunna. Ta zare wayar rautar daga batirin sola ta mayar. Ta ɗauke rautar daga falo ta ɗora kan katangar tsakar gida, ko sabis zai ƙaru. Wayarta na buɗe komai da waifai ɗin nan ɗaya, kwamfutar ce kawai ta ƙi.

Tana cikin haka mijinta Suhaibu ya yi sallama, laka ta bushe masa har gwiwa. Tun safe yake bakin kanal yana jiran a sako musu ruwa, ba a sako ba.

"Har yanzu ba ki shiga ba?"

"Ta ƙi, Malam. Na rasa inda matsalar take."

Ya dubi agogon bango, biyu da rabi ta wuce. "Kira Yaya Jamaluddeen mana."

Jamaluddeen yayanta ne, yana da shagon gyaran kwamfuta a Kumbotso. Sai a kira na uku ya ɗauka, ana jin ƙarar janareto a bayansa.

"Kin kashe kin kunna?"

"Sau huɗu, Yaya."

"Akwai data?"

"Jiya aka sa."

"To ki goge sunan waifai ɗin daga kwamfutar, ki sake haɗawa sabo."

Ta goge. Kwamfutar ta nemi lambar sirri, ita kuwa ba ta riƙe ta ba, shekara biyu ke nan ba wanda ya sake buga ta. Suhaibu ya kifa rautar yana karanto ƙananan haruffan da ke ƙasanta, waɗanda suka fara gogewa. Ya kasa bambance sifili da harafin O. Sau uku suna bugawa kafin ta karɓa. Jan rubutun ya dawo yadda yake.

Ƙarfe uku ta yi. Khaulat ta jingina bayanta da bango, gumi ya jiƙa hijabin da ta goge tun jiya.

"Yaya, bar shi kawai. Na gaji."

"Tsaya tukuna. Me rubutun yake cewa? Karanto min duka, kada ki tsallake komai."

Ba ta karanta ba tun farko, ganin ja kawai take ta rufe. Ta karanto masa a hankali. Layi na biyu yana cewa agogon na'urar yana baya.

"Dubi can ƙasa ta hannun dama. Wane kwanan wata ta rubuta?"

"Ɗaya ga Janairu, dubu biyu da sha biyar."

"Shi ne. Akwai ɗan batiri kamar kwabo a cikinta da ke riƙe lokaci, ya mutu. Shafukan nan ba sa yarda da na'urar da kwanan watanta bai daidaita ba. Da na fara tambayarki wannan tun ɗazu."

Ya faɗa mata inda za ta shiga. Suhaibu na riƙe mata wayar kusa da kunne, ita tana gyara shekara da wata da awa. Shafin ya buɗe nan take.

Uku da minti ashirin da biyar ta shiga. Wata mata mai tabarau ta bayyana a allon, ta ce an kira sunanta sau biyu an wuce. Khaulat ta ba da haƙuri, ta faɗi abin da ya faru ba tare da ƙari ba. Matar ta duba takardar gabanta.

"Akwai mutum tara a gabanki yanzu. In za ki iya jira, a ƙarshe za mu gan ki."

Ta jira. Ta yi sallar la'asar kusa da kwamfutar da sauti a buɗe. Suhaibu bai koma gona ba. Ya zauna bakin ƙofa yana duba cajin batirin sola, barci na fizgarsa. Sai shida saura aka kira ta. Tambaya huɗu suka yi mata, suka ba ta gwajin, duka bai kai minti goma sha biyar ba. Muryarta ta dushe, ba ta ma san ko ta amsa daidai ba.

Bayan mako uku saƙo ya zo. An ɗauke ta, amma gurbin Bunkure ya cika, Dawakin Kudu aka tura ta. Ta karanta wa Suhaibu yana cin tuwo. Ya ce Alhamdu lillahi, sannan ya tambaya ƙarfe nawa za ta riƙa fita.

"Shida da rabi, in ina son samun mota."

"To abincin 'yan aiki fa?"

"Zan yi wa Mairama magana," in ji ta, tana nufin maƙwabciyarsu. Ta tashi ta ɗauko masa ruwan wanke hannu.