Kada a Tashi Baba Tela

"Ku rage murya, Baba Tela na barci," in ji Maman 'Yan Biyu, ta ƙwace gwangwanin da ɗanta yake bugawa.

Rana ta take tsakar gida. Ƙofarsa a rufe, silifas ɗinsa a jere. Ni ma a hankali na ɗauki bokitina.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Tun da na gama sakandare na kama haya a gidan, da ƙarar keken ɗinkinsa nake kwana. Ba aiki ne ya yi masa yawa ba. Ya ɗinke, ya farke, ya sake ɗinkewa, har gari ya waye. Ciwon damuwa, in ji asibiti. Ya sha magani iri-iri, babu wanda ya karɓe shi. In keken ya yi shiru nakan buga bangon, shi ma ya bugo, in san yana nan.

Watan jiya suka ƙara masa wata ƙwaya a kan tsohuwar. Ya nuna mini a tafin hannunsa.

"Wannan 'yar mitsitsiyar? Ai maɓallin riga ya fi ta, Baba."

"Wai mataimakiya ce. Ta farkon ta gaji ita kaɗai." Ya jujjuya ta da yatsa. "Na san yadda take ji."

Ta yi aiki. Keken ya daina kwana yana gudu. Sai rana ta raba yake fitowa, ido a kumbure, baki da nauyi, yana neman abinci. Ran nan har dariya ya yi.

"Na ga marigayiya uwar yarana jiya, ɗana. Shekaru ban gan ta ba. Da ba na barci, ta ina za ta shigo?"

Sai gidan ya kafa doka: ba mai taɓa ƙofarsa. Bangon ma na daina bugawa.

Ranar da aka ƙwace gwangwanin nan, wata mata ta zo karɓar rigarta, aka maida ita daga bakin ƙofar gida. Wayarsa ta yi ta ringi a ciki har ta gaji.

"Kun ji barci," Maman 'Yan Biyu ta ce, tana murmushi kamar ita ta ba shi.

Da yamma na dawo daga shagon cajin waya, silifas ɗin suna yadda na bar su. Na shiga ɗaki na buga bangon. Na sake. Sai na je na kira mai gidan hayar, ya zo da guduma ya fasa ƙofar.

Likita ya ce zuciya ce.

"Da mun tashe shi fa, likita?" Maman 'Yan Biyu ta tambaya.

Ya dube ta, ya ce, "Allah ya jiƙansa."

'Yarsa ta zo daga nesa ta kwashe kayan. Keken ya yi mata nauyi, ta bar shi a lulluɓe da zani.

Yau da safe ina wanke fuska, 'yan biyun suka taho a guje suna kokawa. Da suka iso ƙofarsa sai suka yi tsit, suka wuce a kan yatsun ƙafa.