Akwati Marar Suna

Akwatunan wasiƙu na gidanmu suna ƙasan bene, jere a jikin bango, kusa da inda ake jingine kekuna. Na ƙarfe ne, amma irin ƙarfen nan da ko cokali aka zura masa sai ya lanƙwashe. Duk zaman da muka yi a gidan ban taɓa tsayawa na kalle su ba, sai da aka ɓalle namu aka yi gaba da sabon lasin tuƙin Baban yara.

Mijina direban bas ne, irin ta cikin gari mai tsayawa tasha-tasha. Duk gidan Direba ake kiran sa, har yaranmu in suna son tsokana. Lasinsa ya kusa ƙarewa, ya je ya sabunta, aka ce ya koma gida za a aiko masa ta gidan waya. Muka yi ta jira. Da muka ga murfin akwatin ya ɗage, cewa muka yi aikin yara ne. Ashe ba yara ba ne. Wani bawan Allah ya ɗauki lasin ya je wurin masu ba da hayar motoci, ya karɓi motar ɗaukar kaya da sunan mijina, har yau ba shi ba motar. Mu ba mu san wainar da ake toyawa ba sai da 'yan sanda suka kira.

Wuni guda Baban yara ya yi a kan bencin 'yan sanda yana amsa tambaya ɗaya ta fuska goma. Suka sake shi, amma aka soke lasin, aka ce ya nemi wani. Ya dawo ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Mutumin da in ya shigo tun daga ƙasan bene nake jin muryarsa yana tsokanar mai askin layinmu, ranar sai da na taɓa shi kafin ya san na ajiye masa shayi.

Washegari Manajan garejinsu ya kira shi. Ya ce ba zai ɗora shi kan sitiyari ba lasi ba, wannan ba magana. Zai riƙe masa bas ɗinsa zuwa ƙarshen wata, wani na jan ta kafin nan. In wata ya ƙare lasi bai zo ba, bas ta zama ta wancan, shi kuma ya koma layin masu jiran wani ya yi rashin lafiya a kira su. Kuma kullum bayan azahar ya zo garejin ya nuna fuska, don a san bai gudu ba. Baban yara ya yi shekaru a layin jiran nan kafin ya samu motarsa, na san abin da muka sha a lokacin. Don haka da ya gaya mini, sai na tashi na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Ya sake cike takardar neman lasi, wannan karon ya ce a aiko da shi ta yadda sai an ba shi hannu da hannu ya sa hannu. Daga nan kuma ya shiga yaƙi da ɓarayi, ba ji ba gani.

Ya fara da kwaɗo. Ya sayo wani ƙato, wanda ya fi akwatin kansa nauyi, ya maƙala. Sai ya dawo kan shara. Wai wani ɗan sanda ya gaya masa ɓarayin yanzu har bola suke tonawa, su tsinci takarda mai suna da adireshi. Shi ke nan, babu takardar da za ta sake fita daga ɗakinmu a raye. Takardar wuta, ta ruwa, ta makarantar yara, har ledar magani mai sunansa, duk sai ya yayyaga su ya jiƙa a bahon wankina ya dama da hannu sai sun zama kunu. Ni kuwa ina wuni a tsaye a wurin aiki, guga nake yi a ɗakin wankin wani asibiti, zanen gado bayan zanen gado, sai in dawo ƙafa a kumbure in tarar da bahona cike da ruwan toka-toka.

"Baban yara, a ina zan wanke kayan makarantar yaran nan?"

"Ki bari ya kwana, bai gama narkewa ba. Kin ga, har yanzu ana iya karanta wannan."

Na duba. Harafi biyu ne ke yawo a saman ruwa. Na so in yi faɗa, gajiya ta hana ni. Tausayinsa ma nake ji, don na san ba takarda yake damawa ba, haushin da ba shi da inda zai sauke ne.

Ana cikin haka wasu mutum biyu suka zo daga wurin masu hayar mota, da rana, ni da shi ba ma nan. Suka yi ta dukan ƙofa suna kiran sunansa, yara suna ciki sun ƙanƙame juna. Da na dawo ƙaramar ko abinci ta kasa ci. Abin da ya ƙarasa ɗaga masa hankali kenan. A yammacin nan ya sauka da wuƙa ya kankare sunanmu daga jikin akwati, ya kwance lambar da ke ƙofarmu ya jefa a aljihun tebur. Lambobin akwatunan dama mai gida ya daɗe da shafe su da fenti. Sannan ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mai aski, mai shagon bakin ƙofa, malamar makaranta da ke samanmu, yana roƙon su duk wanda ya zo neman sa su ce ba su san shi ba.

Na ce, "To mai kawo wasiƙa fa? Ta ina zai gane mu?"

Ya ce, "Mai Keke? Mutumin da kullum sai ya ɗaga mini hannu in na wuce da bas? Ko a duhu ya san ni."

Gaskiyarsa ce. Mai Keke ya tsufa yana kawo wasiƙa a layinmu, da hantsi yake zuwa, ya san ƙofar kowa.

A cikin duk waɗanda ya roƙa, babu wanda ya ɗauki aikin da zafi kamar Inna. Tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a ɗakin ƙasa, tagarta na kallon ƙofar shigowa. 'Ya'yanta suna can wasu garuruwa, sai waya jefi-jefi. Baban yara ne ke ɗauko mata tukunyar gas, shi ke canja mata ƙwan fitila. Da ya gama yi mata bayani ta dafa ƙirji.

"Ɗan nan, ka kwantar da hankalinka. Sai dai su bi ta kaina."

Daga ranar ta jawo kujerarta bakin taga. Matar da kullum kukan gwiwa take, sai ga ta tana tashi da wuri, ta ɗaura ɗankwali mai kyau, ta zauna gadi. Har wani haske fuskarta ta yi. In na dawo aiki sai ta tare ni da rahoto, wa ya shigo, wa ya tsaya kallon akwatuna, wa ya yi kama da mara gaskiya. Ni dai in ce sannu da ƙoƙari Inna, in ja ƙafa in hau.

Shi ma gadin yake. Da safe ya ɗauki kujerar roba ya sauka ya zauna gaban akwatunan har azahar, sannan ya tafi gareji nuna fuska. Wata ya raba, shiru. Aka shiga satin ƙarshe, shiru. A 'yan kwanakin nan ko Mai Keke bai gani ba, amma in ya dawo da yamma sai ya ga bakin ambulan na leƙowa daga akwatin wasu. Ya ce wataƙila sun canja lokaci. Ya roƙi Manaja ya bar shi ya riƙa zuwa da safe, Manaja ya ce shi ba wurin wasa yake riƙewa ba. Ya dawo yana lallashin kansa, wai ai ko sun zo ba ya nan, Mai Keke zai jira shi ko ya bar saƙo wurin Inna. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni ma barci nake yi kamar ban yi ba.

Ana jibi wata zai ƙare muka haɗu a bakin ƙofa, ni daga asibiti, shi daga gareji. Inna ta leƙo tana murmushi har kunne.

"Ku zo, ku zo. Ban so in gaya muku ba don kada hankalinku ya tashi, amma yanzu na san ya haƙura."

Baban yara ya ce, "Wa kenan, Inna?"

"Wani dogo, a kan babur, da rigar ruwa. Tun wancan satin ya zo, bayan ka fita. Ya fiddo ambulan yana karanto sunanka tiryan-tiryan. Wai shi daga gidan waya yake, wai Mai Keke an mayar da shi wata unguwa. Na ce a raina, yaro, ni za ka yi wa wayo? Na ce masa ai mai sunan nan ya daɗe da tashi, ba mu san inda ya koma ba."

Ban kalli mijina ba, tsoron kallon sa nake.

"Bai daddara ba fa," in ji Inna. "Ya sake dawowa. Ya duba akwatuna bai ga suna ba, ya hau sama ya sauko. Ya tambayi mai aski, ya tambayi mai shago, kowa ya ce bai san ka ba. Na ce ka gani ko? Sai ya yi ɗan rubutu a jikin ambulan ya hau babur ɗinsa. Tun ranar ban sake ganin ƙeyarsa a kanka ba, sai dai ya zuba na mutane ya wuce."

Ta tsaya tana kallon mu, tana jiran a yaba mata. Baban yara ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sannu, Inna," ya hau bene yana dafa bango.

Da safe na nemi izini a wurin aiki muka tafi gidan waya tare. Layi har waje. Da muka kai gaban kanta, matar da ke wurin ta karɓi lambar saƙon ta danna, ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito hannu wofi. Ta ce an rubuta mai shi ya tashi, maƙwabta sun tabbatar, don haka an mayar wa ofishin da ya aiko.

"Ni ne mai shi," in ji Baban yara. "Ga ni. Ban tashi ba."

"Na gan ka, malam, amma saƙon ba ya hannunmu. Irin wannan ba ma ajiye shi, saboda masu sata."

Saboda masu sata. Dariya ta kusa ƙwace mini, irin wadda ke zuwa da hawaye. Muka hau mota zuwa ofishin lasi, can ma layi. Suka ce ambulan da aka dawo da shi sai an shigar da shi, an tabbatar da adireshi, sannan a sake aikowa, kuma ba sa bayarwa a kanta. Mijina ya tambayi ma'aikacin zai kai yaushe. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce makonni. Baban yara ya yi bayani, ya sake yi, har muryarsa ta dushe. Mutumin bai yi masa wulaƙanci ba, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce na baya ya matso.

Gareji shi kaɗai ya shiga, na jira shi a bakin ƙofa a inuwar wata bas da ta mutu. Bai daɗe ba. Ya fito da ledar da ya zuba kayansa na cikin mota, kofin shayinsa, tawul ɗin da yake ɗorawa a wuya, da matashin da na ɗinka masa saboda ciwon baya. Ban tambaye shi yadda suka yi ba.

A hanya ne raina ya tashi. Na ce wallahi sai na gaya wa tsohuwar nan abin da ta jawo mana, ita wa ya sa ta ƙara da cewa mun tashi? Na ce mai aski ma da yake ganin mutum da jakar wasiƙu, idonsa ina yake? Na yi ta zuba. Ya bar ni sai da na gaji.

"Maman yara, wa ya sa su?"

Na kau da kai, ya ci gaba.

"Abin da na roƙa suka yi mini. Kada ki gaya mata komai. Ki bar ta."

Muka iso gida rana ta yi sanyi. Inna na bakin tagarta da ɗankwalinta mai kyau, ta hango mu ta gyara zama.

"Direba, yau ba gareji ne? Na ga ka dawo da kaya."

"Ba gareji, Inna."

"To madalla, ka huta. Ni dai ina nan. In dogon nan ya sake tambayar ka, me zan ce masa? In ce ka bar garin gaba ɗaya?"

Ya sauya ledar daga wannan hannu zuwa wancan.

"A'a, Inna. Ki ce masa ya hau sama, ƙofa ta biyu a hannun dama. Ko yaushe ya zo zai same ni, yanzu kullum ina gida."