Dashen Bakin Hanya

Malam Labaran ya tsuguna ya ja tsiro na arba'in, shi ma ya biyo hannunsa a bushe ƙamas. Shi ne malamin daji na Kurfi, ga shi jibi Bature zai zo duba itatuwan da ya aiko daga ƙasar sanyi, masu ganye kamar allura. Malamin da ya gabace shi, mutuwar dashe ce ta raba shi da kakin aikinsa.

Takardar da Bature ya aiko ta ce a dasa a bakin hanya, inda zai gani ba sai ya sauka daga mota ba. Bakin hanya kuwa fako ne.

"Tun ranar na faɗa maka, Malam," in ji Jibo, tsohon leburansa. "Ƙasar da ta lanƙwasa diga, ina saiwa za ta bi? Ramin da muka yi ko kaza ba ta kwanta ciki."

"Takarda ba ta ce zurfi ba, Jibo. Layi ta ce."

"To, ai ga layi nan. Ya miƙe sarai."

Da ya koma gida, ya zagaya baya don kada a ga fuskarsa, sai ya yi turus. Guda goma sha biyun da suka yi saura, waɗanda ya watsar a bakin rumbu, ga su nan kore shar. Gogo Yahanasu, ƙanwar mahaifinsa, ita ta tsince su. A tsohon turken jaki ta haƙa musu rami har gwiwa, ta cuɗa ƙasa da takin jaki na shekara da shekaru, ta barbaɗa toka saboda gara.

"Gogo, wa ya koya miki?"

"Koyo kuma? Na ga ganyen zai yi tsintsiya ne. Kada ka taɓa mini su."

Ya taɓa su. Ranar dubawa, tun da hantsi shi da Jibo suka cire su, suka cusa a fako, suka share matattun.

Bature ya zo, ya leƙo ta tagar mota, ya ƙirga sha biyu, ya yi rubutu. Ba a yi mako ba duka suka bi 'yan'uwansu. Gogo ta daina amsa gaisuwarsa.

Bayan wata guda takarda ta iso. An yaba wa Malam Labaran, an haɗa masa har Dutsin-Ma. An kuma gano cewa itacen nan fako yake so, don haka za a aiko da dubu baɗi, kada a wahalar da leburori da haƙa.

Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Gogo," ya ce, "a saninki, jakuna nawa ne a garin nan?"