Rodin da Ke Kan Rufin Alhaji Muflih

A ƙarƙashin zaitun ɗinsa, a bayan garin Salt, muka ƙulla da Alhaji Muflih: zan gina masa gida hawa ɗaya. Babban ɗansa Talal ya kawo injiniya da takarda, wadda ta ce duk canjin da ba a rubuta ba, babu shi. Na dangwala hannu, muka yi fatiha, muka sha gahawa.

Ranar da za mu ɗaure ginshiƙai, tsohon ya ja ni gefe.

"Abu Ziyad, ƙara musu kauri. Rodin kuma bar shi ya leƙo saman rufi."

A wajenmu kowa ya san ma'anar wannan: akwai ɗan da zai ɗora nasa hawan. Talal yana da gidansa a Amman. Saura Amjad, ƙaramin, wanda ya yi faɗa da uban ya tafi Jamus, ba a ko ambatar sunansa a gidan.

Na ce, "Alhaji, a rubuta. Ni ɗan kwangila ne, ba waliyyi ba."

"In an rubuta, Talal zai karanta, gobe Amjad ya ji na sauko tun bai ba ni haƙuri ba." Ya kama gashin bakinsa, yadda dattijo yake ba da alkawari a wajenmu. "Wannan bai ishe ka ba?"

"Gashin baki ba ya shiga kotu."

"Naka ne ba ya shiga, duk furfurar wayo ce."

Na yi yadda ya ce. Muna gama zuba rufi, siminti bai gama shan ruwa ba, Allah ya karɓi ran tsohon.

Bayan an share makoki Talal ya hau rufin da takardarsa, ya nuna min rodin.

"Baffa, wa ya sa ka wannan? Babu shi a nan. Ba zan biya ba, kuma a yanke, ya ɓata gidan."

Gaskiyarsa ce, takarda tana bayansa. Na san in na faɗi dalili a lokacin, zai ɗauka na laƙa wa mamaci magana ne don in ci kuɗi.

Na ce, "Kuɗin na bar maka. Yankan kuma nemo wani, hannuna ba zai yi ba."

Muna cikin haka sai ga mahaifiyarsa, Ummu Talal, tana hawowa da ƙyar, tana jan buhun tsofaffin gorunan ruwa. Ba ta kalle mu ba. Ta shiga kifa wa kowane rodi gora ɗaya, yadda ake yi don kada ruwan sama ya sa shi tsatsa.

"Umma, me kike yi?"

"Babanka ne ya tara su. Ya ce yaron nan ba ya sauri, kada ƙarfen ya lalace kafin ya iso."

Talal ya daɗe yana kallon buhun. Sannan ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya karɓi gorunan daga hannunta, ya ƙarasa layin da kansa.

Ni na yi asarar kuɗin ƙarfe, don ban tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Alhaji ya rasa ban-haƙurin da ya zauna jira. Amjad ne ya ci riba: da bazara ya zo, ya tarar an ajiye masa wuri tun bai roƙa ba.