Goron Da Ba A Aika Wa Arɗo Ba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

To, ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce. A gabas da Haɗejia, can cikin fadama, akwai wani ƙauye Zangon Kolo. Nan Hajo take aure. Bafulatana ce, 'yar rugar ƙetaren kogi, mijinta kuwa Badamasi manomin shinkafa ne, wanda ya taɓa yin leburanci a wata masaƙa a Kano, ya dawo gida da tari a ƙirji da magana a baki. Hajo tana da ƙane guda, Safiyanu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, a bayanta ya girma, don haka ko ya yi gemu ɗa take ganinsa.

Wata shekara wani Alhaji ya zo daga birni da takardu, ya yi wa ruwa shinge da ganuwar ƙasa, ya juya shi gonarsa. Gonakin talakawa suka bushe suka tsattsage. Aka kai kuka wurin dagaci, sai aka tarar ashe da hannunsa a ciki.

Nan Badamasi ya sami bakin magana. Kullum bayan la'asar yana gindin tsamiya yana cewa ƙasa ta wanda ya duƙa a kanta ce, ruwa kuma ba gadon uban kowa ba. Suka kafa ƙungiya, suka ɗaura jan ƙyalle a kan gora, suka ce daga yau fadama ta ci gashin kanta: ba haraji, ba dagaci, ba hakimi, kwamiti ne zai yi mulki. Ƙauyuka uku ne kacal, amma jamhuriya suke cewa. Hajo tana dama fura tana jin su, takan ce a ranta jamhuriyar da akuya ke ƙetarewa kafin ta ji ƙishi.

Amma fa ba wasa suka zo yi ba. Ranar wata Juma'a suka yi gayya da fartanya da gatari suka nufi ganuwar. 'Yan daban Alhaji suka tare su da gora da barandami. Aka fasa kawuna, aka karya wa wani tsoho haƙarƙari, aka tura ɗan daba guda cikin ruwa ana danna kansa har ya daina motsi, sai da Badamasi ya jawo shi da ƙafa. Aka banka wa ɗakin injin ban-ruwa wuta. Wani saurayi mai zafin kai, Ja'afaru, shi ya shiga gidan dagaci ya warware masa rawani a gaban iyalinsa, ya jefa a kogi. Dagaci ya tsere Haɗejia ko takalmi babu. Ruwa ya kwararo ya cika fadama har ya yi yawa, bai janye da wuri ba, sai shuka ta makara.

To, akwai wata al'ada tun kaka da kakanni. Da an yanke dawa a tudu, shanun ƙetare sukan sauko fadama su ci tattaka, wato ragowar shinkafa bayan girbi, su bar wa manoma taki. In kuwa shinkafa ta makara, dagaci kan ƙunsa goro a ganye ya aika wa arɗo, shugaban Fulanin rugar, wato a dakata. In goro bai zo ba, hanya a buɗe take. Ba a taɓa rubuta wannan ba, kowa dai ya sani.

Da Hajo ta ga dawa ta nuna shinkafa kuwa tana ɗanya, sai hankalinta ya tashi. Ta tuna wa Badamasi, ya ce gaskiyarta, zai kai gaban kwamiti. Kwamiti ya zauna a kai, Ja'afaru ya miƙe ya ce sun kori sarauta guda, ba za su kai wa wata gaisuwa ba, arɗo ma ai mai rawani ne. Wasu suka ce makiyaya talakawa ne 'yan'uwa, a je a yi musu bayani baki da baki. Aka amince da haka, aka watse, kowa yana zaton wani ne zai je.

Hajo ta yi ta neman Safiyanu a waya har Allah ya sa ta shiga. Ya yi dariya ya tambaye ta ina kaɗon mijinta, ko har an naɗa shi shugaban ƙasa. Ta ce ya bar wasa, shinkafa na tsaye. Ya ce Arɗo ya ji jita-jita, amma ya ce shi goro ya sani, tudu kuma ya ƙare, shanu sun fara lasar ƙasa.

"Adda, ba zan iya tsare shanun mutane da wayar yayata ba," ya ce. "Amma kwantar da hankalinki. Ni zan shige gaba, in riƙe su a burtali har mashaya, ko zangarniya ɗaya ba za su taɓa ba."

Wannan alkawari shi ya fi tsorata ta, don ta san wanda ke gaba shi ake fara samu. Ta aika aka sayo mata goro a kasuwa, ta ƙunsa da hannunta, ta ajiye a gaban Badamasi. Ya dubi ƙunshin, ya ce in ya aika a bayan idon kwamiti ya zama dagaci ke nan, ta bari zuwa jibi su sake zama. Ta ɗauke ƙunshinta. Da gari ya waye ta soke ƙunshin a zane ta kama hanyar mashigi.

Ba ta kai ba. Tana kan kunyar gona, hantsi ya ɗaga, sai ta hango ƙahoni farare sun cika kogi. Ga Safiyanu a gaba, sanda a kafaɗa, yana kiran shanun da sunayensu. A gefen nan kuma mutanen gari ne ke gayyar yankan gonar da ta fara nuna, kowa da lauje. Burtalin kuwa ambaliya ta cinye rabinsa, ga shi an dasa shinkafa har bakinsa. Na gaba suka bi Safiyanu tiryan-tiryan, na baya da suka ga kore shar bayan yunwa, sai suka ɓalle suka faɗa gona.

Ja'afaru ne ya fara. Ya sheƙo a guje ya sare wata saniya a agara, ta durƙushe tana kuka. Mai ita ya sauke masa sanda a ka. Shi ke nan wuri ya yamutse. Kibiya ta shiga wuyan wani manomi, ya zauna cikin ruwa yana riƙe da ita. Shanu suka firgita suna tattake mutane. Hajo tana gudu tana faɗuwa cikin taɓo, tana ɗaga ƙunshin sama, tana cewa ga goro, ga goro, amma wa ke ji?

Safiyanu bai daki kowa ba, yana ta kora shanu ne su fita daga gona. Mutum huɗu suka kewaye shi. Na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a cinya, ya faɗi. Badamasi ya ratso yana rantsuwa yana cewa surukinsa ne, talaka ne kamar su, ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa. Ja'afaru, jini ya rufe masa ido, ya kawo sara da adda. Ta datse hannun Badamasi a wuyan hannu, ta wuce ta sami Safiyanu a gefen wuya.

Da Hajo ta iso sai ta ture mijinta gefe, ta ɗora kan ƙanenta a cinya, ta danna ɗankwalinta a raunin. Jinin yana bulbulowa ta tsakanin yatsunta, da ɗumi.

"Adda," ya ce, "nawa ba su shiga ba. Ki gaya wa kaɗon nan."

Ta ce ta gani, ta yi ta laƙƙana masa kalmar shahada har ya cika.

Kafin azahar motocin 'yan sanda suka iso, suka harba hayaƙi, suka kwashe duk namijin da suka samu a tsaye. An binne mutum bakwai, manoma huɗu, makiyaya uku. Ja'afaru yana kurkuku har yau. Dagaci ya dawo da sabon rawani, Alhaji ya sake gina ganuwarsa, da siminti wannan karon. Arɗo ya kwashe rugarsa ya yi gabas, ba su ƙara saukowa ba. Badamasi ya yi shekara biyu a tsare, ya fito da dungu, yana gadin wani shago a Haɗejia. Tun yana tsare a asibiti Hajo ta yi jinyarsa har ya warke, da ya fito ta nemi takardar saki, ya ba ta. Tana Malam Madori yanzu, tana sayar da nono a tasha, tana riƙon 'ya'yan Safiyanu biyu.