Darar Baba Isyaku

Kwamfuta uku, ƙaramin janareta, jarkar fetur, majigi, farin zane, ƙullin wayoyi. Abin da Mahadi ya zuba a bayan mota ke nan. A kujerar gaba kuma Baba Isyaku ne, tsohon manomi daga Ƙarfi, cikin rigarsa ta zuwa biki. Sun bar Malumfashi a baya, sun kama hanyar Funtua, dawa ta yi kai hagu da dama.

Shekara takwas Mahadi ya yi a Indiya, ya dawo da abu ɗaya a ransa, gasar manhajoji. Ɗalibi zai rubuta manhajar da ba ta san wasan da za ta buga ba. Sai ranar gasa a ba ta dokoki, ta nazarce su cikin minti goma, ta kara da 'yan uwanta. Wanda ya ci, a aika sunansa zagayen ƙarshe a intanet, inda ake ba da gurbin karatu. Sharaɗin masu gasar ɗaya ne: kada kowa ya san wasan kafin lokaci.

Shi ya sa ya je Ƙarfi. Baba Isyaku yana da wata tsohuwar dara mai gida arba'in da biyu, wadda ya gada wurin kakansa, ba ta cikin kowane littafi. Sati uku Mahadi yana tsugune gaban ramuka yana rubuta dokokinta.

"Yaran nan naka suna da ladabi," in ji tsohon. "Ɗan Alhaji Maiwada har goro ya kawo mini."

Mahadi ya sassauta gudu. "Waɗanne yara, Baba?"

"Masu injin. Sun zo bibbiyu, uku-uku. Na zauna na koya masu tas, har da tarkon kusurwa."

"Ba na ce kada ka gaya wa kowa ba?"

"Ban gaya wa kowa ba. A kasuwa dai na ce darata za ta shiga inji. Kuma mutum ya tako har ƙofar gidanka da gaisuwa, ya ce koya mini, ka ce masa a'a? Ku a can haka kuke yi?"

Mahadi ya ƙara wa motar wuta har suka shiga Funtua.

Zauren makarantar da za a yi gasar ya cika. Malam Lawal, shugaban makarantar, ya sa an kafa rumfa, an ɗauko mai lasifika. Alhaji Maiwada, wanda ya yi wa zauren rufi ya kuma sayi kofin gasar, yana kan kujera mai laushi. Ɗalibai tara suna jere da kwamfutocinsu. Takwas suna ta murmushi. Ta tara, Ozioma, wadda babanta ke sayar da kayan babur a tsohuwar kasuwa, tana ta duba nata aikin. A Funtua aka haife ta, amma ba ta zama majalisar da labarin ya bi.

Mahadi ya ja Malam Lawal gefe ya gaya masa.

"To mene ne?" in ji Malam Lawal. "Yara sun yi ƙwazo, sun nemi ilimi har ƙauye."

"Malam, sun cusa dabarun dara ne a ciki. Ba wannan ake gwadawa ba. Ina da wani wasan a ajiye, shi zan saka."

"An riga an gaya wa Alhaji dara za a yi. An buga a takardar gayyata, mai lasifika ma ya faɗa. Su mutanen intanet ɗin suna ganinmu ne?"

"Ni ina gani."

Malam Lawal ya dube shi daga hula har takalmi. "Ka daɗe a waje, Mahadi."

Mahadi ya saka wasan ajiyar. Wani abu ne na murabba'ai da ya ƙirƙira a jirgi, ba shi da suna, ba shi da daɗin kallo. Minti goma suka cika. Manhajar Abdulmutallib, ɗan Alhaji, ta nemi rami ta ajiye tsakuwa, ba rami. Ta tsaya. Biyar suka bi ta. Biyu suka yi ta jefa motsin da doka ta hana har aka fitar da su. Ta Ozioma kaɗai ta buga, a hankali, ba gwaninta, amma ta buga har ƙarshe.

Ba wanda ya tafa. Alhaji Maiwada ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce wa Malam Lawal, "Allah ya ba da lada." Rabin zauren ya bi bayansa.

Ozioma ta zo tana naɗe wayar cajinta. "Malam, don Allah kada a kira sunana a lasifika. Kofin ma a bar shi nan."

"Ke kika ci."

"Na sani. Shagon babana a layin shagunan Alhaji yake."

Baba Isyaku bai tashi daga bencinsa ba. Yana ta kallon farin zanen.

"Yaushe za a sa tawa?"

"Ba za a sa ba, Baba. Ta riga ta fita."

"Ta fita ina? Shekara hamsin ba wanda ya tambaye ni ita. Yanzu yara takwas sun iya, shi ne laifin?" Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Na gaya wa mutanen Ƙarfi su saurara."

"Bari in kwashe kaya in mai da kai."

"Bar shi. Akwai mota a tasha."

Mahadi ya kwashe kayan shi kaɗai. Yana ɗaure janareta Malam Lawal ya aiko a karɓi makullin zaure, sannan ya biyo sahu da kansa.

"Ka je ka ba Alhaji haƙuri," in ji shi. "A sake zama ranar Asabar, a yi darar, kowa ya huta. Yarinyar da bakinta ta ce ba ta so."

Mahadi ya ja ƙofar zauren ya rufe, ya murza makulli, ya miƙa masa.

"Sunanta zan aika," ya ce. "Kuma ba zan ƙara shirya gasa a garin nan ba."